Kwana a Daji Lokacin Bazara

Bazara ita ce lokacin da ya fi zafi a ƙasar Hausa. Tana farawa a watan Maris, ta yi tsanani a Afrilu da Mayu. A Kano zafi yakan wuce digiri 40 da rana tsaka. Ma'aikatan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa sun san zafin injin da na rufin kwano. Amma a can akwai famfo, akwai mai fiya wata a bakin get. Abokan da suka shirya fita ranar Asabar su kwana a daji, ko a bakin dam na Tiga ko a tuddan rairayi na Yusufari a jihar Yobe, abin da suka ɗauko daga gida shi ne nasu.

Ruwa ne gaba da komai. Mai tafiya cikin rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya cikin awa ɗaya. Saboda haka a tanadar wa kowane mutum aƙalla lita 6 a yini, wato ledar fiya wata 12. Mutum huɗu a kwana biyu za su shanye jarka biyu masu lita 25. Na alwala, girki da mota daban ne. Ba a jiran ƙishi kafin a sha, ana kurɓa ne akai-akai. Fitsari shi ke tona asiri: in ya yi ja kuma ya ragu, jiki ya fara bushewa. Gumi yana fita da gishiri. Ana mayar da shi ta hanyar zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a ruwa lita ɗaya.

Buzaye sun daɗe da sanin hamada. Ayarinsu na gishiri, mai zuwa Faci da Bilma daga ƙasar Agadas, ba ya tashi sai zafi ya sauka. Rawani da riga mai walawa suna tare rana, suna hana gumi saurin bushewa. Wanda ya tuɓe riga don ya sha iska ya ƙara wa kansa wahala ne. A yi yawo daga asuba zuwa hantsi, a fake a inuwa har la'asar. Tantin leda yana tara zafi kamar tanda. Rumfar tabarma mai buɗaɗɗen gefe ta fi shi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, don kunama tana son maƙalewa ciki.

Mota ma abin lura ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, yawancinsu mata da yara. A duba taya, sifiya da ruwan lagireto tun a gari. A tambayi halin tsaron hanya, a gaya wa na gida inda za a da ranar dawowa. In mota ta mutu a zauna kusa da ita, domin ta fi mutum saurin ganuwa.

Jiri, ciwon kai, amai da murɗawar ƙafa alamu ne na galabaita. A kwantar da mutum a inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, abin ya kai ga rai. A jiƙa shi sharkaf, a yi ta yi masa fifita, a nufi asibiti mafi kusa. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, don yana iya shaƙe shi.