Kafin ka kai motar gonarka a ɗaga

Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba, maganar mota ce. Tun da damina ta kankama ake ta tambayata: "Malam, motata tana dukan ƙasa a hanyar gona, in kai ta a ɗaga?" Wani ma ya ce ya ga ana tallar kayan ɗaga Hilux 'yan waje, seti guda, yana neman shawara kafin ya tura kuɗi. To bari in ba ku abin da na sani, don ni da kuɗina na sayi wannan darasin.

Duk ɗan yankinmu ya san yadda abin yake. Daga Funtua ka bi ta Bakori har Malumfashi kwalta ce. Wahalar tana farawa ne inda ka sauka daga titi ka nufi gona. Ƙasar nan da ke ba mu masara da auduga, ita ce idan Agusta ya zo take zama laka mai riƙe taya. Tarakta da manyan motoci su haƙa layi biyu masu zurfi, su bar tudu a tsakiya, cikin motarka ya dinga gurzarsa. Ga shi yawancinmu mota ɗaya ce da mu. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗauko masara daga kasuwar Dandume, ita ke kai ƙwai cikin gari. Duk abin da za ka yi mata, sai ka tuna da ayyukan nan uku.

Ni ban tuna ba. Tsohuwar Hilux ce da ni, in na loda masara sai baya ya zauna, gaba ya ɗaga. Na kai ta gareji, makaniken ya ce, "Alhaji, a ƙara mata sifirin falle uku kowane gefe, har siminti za ta ɗauka." Aka ƙara. Mota ta miƙe kamar raƙumi, ina ta jin daɗi. Ranar masara lafiya lau. Ranar ƙwai fa? Wallahi ko titi ban hau ba na fara jin baya yana tsalle. Da na sauke kaya, kusan kowane kiret na ƙasa sai ka samu mai tsagu, wasu sun fashe sun ɓata na kusa da su. Ribar satin nan a hanya ta tsiyaye.

Ku yi lissafin da ni. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne, nauyinsa wajen kilo 2. Kiret 100 ke nan kilo 200, nauyin buhu biyu na masara kacal. Sifirin da aka taurara don ya ɗauki tan guda ba ya ma jin kilo 200, a wajensa motar ba komai a ciki. Tunda ba ya lanƙwasa, duk ramin da taya ta faɗa, ƙwai ne ke shan dukan. Haka 'yan tsaki a kwali, su ma ba nauyi gare su ba, jijjigar ce ke galabaitar da su.

Wani dattijon direba ne ya warware mini, tsohon mai a-kori-kura tun zamanin Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna. Ya ce, "Ɗana, ina ke mata ciwo? Ciki ne ke taɓa ƙasa, ko baya ne ke zama?" Na ce ai duk ɗaya ne, Baba. Ya ce ko kusa, ciwo biyu ne, kowanne da maganinsa.

In baya ne ke zama idan ka yi lodi, ba ɗagawa kake buƙata ba. Ka fara duba ko sifirin ɗinka ya gaji. Tsohon sifirin yana miƙewa, lanƙwasarsa ta tafi, wani lokaci ma falle ɗaya ya karye a tsakiya ba ka sani ba. Canja shi da mai lafiya kaɗai na iya dawo maka da tsayin da ka rasa. In kuma lodin ne ya yi yawa, abin da ya dace da mai kaji shi ne sifirin mai hawa biyu, wato wanda ke da falle mai kauri a ƙasa da ba ya aiki sai kaya sun danne motar. Ranar ƙwai motar tana da laushi, ranar masara falle mai kaurin ya karɓa. Shi na koma bayan na cire ƙarin nan uku.

Amma ku ji wannan da kyau: ƙarin sifirin ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Aksul ɗin na nan yadda yake, birki na nan, taya na nan. Buhun abincin kaji kilo 25 ne, buhu 40 tan guda ke nan, buhun masara 10 ma haka. Wannan ya kai iyakar yawancin irin motocin nan, mai ƙofa huɗu ma ba ta kai ba, don mutanen da ke ciki su ma lodi ne. Don baya bai zauna ba, ba shi ke nuna ba ka wuce ƙa'ida ba, sai ranar da aksul ya balle a tsakanin Bakori da gida.

In kuwa ciki ne ke taɓa ƙasa, ka shiga ƙarƙashin motar ka ga inda ke gogewa. In salansa ce, ko tanki, ko kwanon baƙin mai, ɗagawa za ta taimaka. In kumburin nan ne na tsakiyar aksul ɗin baya, ko ka ɗaga motar ta kai rufin ɗaki, shi yana nan inda yake, saboda da taya yake tafiya. Taya mai tsayi ce kawai ke ɗaga shi, kuma sai tayar ta ƙaru da inci 2 kafin ya tashi da inci 1. Babbar taya kuma tana da nata kuɗin: mota ta rage ja a kan tudu, shan mai ya ƙaru, kulochi ya sha wuya, agogon gudu ya dinga nuna ƙasa da abin da kake yi. Da tsadar man yanzu, mai tafiya kullum ya yi tunani. Sau da yawa taya mai manyan haƙora daidai girman taka ta fi amfani a laka.

Yanzu ga wanda lallai sai ya ɗaga. Hanya mafi arha ita ce zoben ƙarfe ko na roba da ake sakawa a saman sifirin ɗin gaba, da ɗan tubalin ƙarfe a baya tsakanin sifirin da aksul. Yana ba da tsayi, amma ba ya gyara komai, in sifirin ya gaji yana nan a gajiye. Hilux da suka fito kafin 2005, da yawansu sandar ƙarfe mai murɗawa ce a gaba, makanike na ɗaure noti mota ta tashi. Arha ne, amma in aka matse da yawa gaba ya yi tauri kamar amalanke. Daga 2005 zuwa yanzu sifirin mai naɗi ne a gaba. Seti cikakke, wato sifirin da shokozoba da aka yi su don juna, shi ya fi, shi ya fi tsada kuma. In za ka saya, ka tambayi nauyin da aka yi shi dominsa. Akwai wanda aka yi wa motar da kullum take ɗauke da kaya masu nauyi, wannan ba na mai ƙwai ba ne.

Ko wanne ka zaɓa, shawarata kada ka wuce inci 2, wato santimita 5. In ka haura haka a gaba, daraba shaf zai karkace da yawa, robarsa ta yage, laka ta shiga, bol jon da tayarod su fara ci da wuri. Masu Golf da Sharon da ke cusa robar taya a sifirin, ku ma wannan maganar ta shafe ku.

Masu kifi kuwa, naku ya fi haɗari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 1000 tan guda ne tun kafin ka sa tarwaɗa ko ɗaya. Ruwa kuma ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. In tankin rabi ne, kana shan kwana ruwan ya yi tambal-tambal ya koma gefe guda. Mota mai tsayi dama ta fi saurin kifewa, ka haɗa ta da wannan ka ga abin da nake gudu. Gara ka raba ruwan a jarkoki ko baf da yawa, ka jera su a ƙasa kusa da kan motar, ka ɗaure. 'Ya'yan kifi ma sun fi isa lafiya a haka.

Bayan an ɗaga, kada ka bar garejin sai an duba tiyon birki na baya, kada ya zama a ɗame idan taya ta faɗa rami. A duba tsayin shokozoba, don tsohon zai iya zama gajere. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul a baya mai auna lodi yana raba ƙarfin birki. In an ɗaga baya ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka motar ba kaya ko da ta cika, birkin baya ya ragu. Makanikai da yawa ba sa kula da shi, kai ka tuna musu. Sai alaimen, sai saita fitila don kada ka dinga kashe wa mutane ido da dare.

Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na hannu, ka tafi da makanikenka. Sifirin biyun a ajiye su gefe da gefe a ƙasa, lanƙwasarsu ta zo ɗaya, in ba haka ba motarka za ta karkace. Kada ka karɓi falle da aka yi wa walda, zai sake karyewa. Shokozoba mai jiƙe da mai ya mutu, komai kyan fentinsa.

Af, na kusa mantawa. Kafin ka kashe ko sisi, ka taka hanyar gonarka da ƙafa ka ƙirga wuraren da motar ke taɓawa. A tawa wuri biyu ne kacal. Ni da maƙwabtan gona muka haɗa kuɗi muka zuba burji da fasassun bulo, aka sare tudun tsakiya da magirbi. Ranar ƙwai kuma ina ɗora buhun masara biyu a bayan kiret ɗin don sifirin ya samu abin da zai danne shi, in rage iskar taya kaɗan har in hau kwalta. Wanda aka canja wa sifirin kuma, bayan sati ɗaya ya koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe shi da aksul, don suna saki idan ƙarfen ya zauna.