Iyaye Lafiya Lau, Daga Ina Sikila Ta Samu Ɗansu?

TAMBAYA: Ni da maiɗakina lafiyarmu ƙalau, amma ɗanmu na biyu, ɗan wata tara, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, da aka auna jininsa aka ce amosanin jini ne, wato sikila. Dangina na cewa daga gidan matata ciwon ya fito, wasu kuma na cewa iska ce. Wani ma ya ce tunda an samu ɗaya, 'ya'ya ukun da za su biyo baya sun tsira. Don Allah ina gaskiyar magana? Daga wani magidanci, Tudun Wada, Sakkwato.

AMSA: Malam, Allah ya ba yaro lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka nemi sani kafin ka yanke wa iyalinka hukunci. Abu uku kake son ji: yadda iyaye masu lafiya ke haifar ɗa mai sikila, ko ɓangare ɗaya ne ke da alhaki, da kuma makomar ƙannensa.

Mu fara da jinin kansa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, wanda aikinsa ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Irin da aka saba da shi ana kiransa A, akwai kuma wani iri da ake kira S. Kowane ɗan Adam yana gadon guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AA ba ya ɗauke da komai. Mai AS yana ɗauke da irin ciwon amma shi lafiyarsa lau, zai yi noma, zai yi kasuwanci, har ya tsufa bai san yana da shi ba. Mai SS shi ne mai sikila. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su koma siffar lauje, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, daga nan zafin ƙashi da kumburi ke tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini tana kai kwana 120, tasa kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jininsa ke yawan yin ƙasa, idanunsa su yi rawaya.

To, tunda ɗanka SS ne, S ɗaya daga mahaifiyarsa ya samo shi, ɗayan kuma daga gare ka. Ciwon ba ya fitowa daga gida ɗaya, sai an haɗu. Don haka ka yi wa danginka bayani cikin ladabi cewa maiɗakinka ba ta da laifi, kai ma ba ka da shi. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, ba kuma wani abu ne da uwa ta ci lokacin goyon ciki ba. Ba ku kaɗai ba ne: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma an kiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. Dalilin yawansa a yankinmu shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda wani masani, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka a 1954. Saboda haka masu ɗauke da shi suka riƙa rayuwa suna hayayyafa a ƙasashen sauro.

Maganar 'ya'ya uku kuwa, wanda ya faɗa maka ya ji lissafin "ɗaya cikin huɗu" ne, wato yiwuwar haihuwar mai sikila idan uwa da uba duka AS ne, sai dai ba haka ake karanta shi ba. Ka ɗauko ƙwarya biyu, taka da ta maiɗakinka, kowace ka saka mata goro biyu, fari da ja. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Fari da fari shi ne AA, fari da ja shi ne AS, ja da ja shi ne SS. Kafin ka sake ɗauka sai ka mayar da goron inda yake. Haka kowane ciki yake, sabon ɗauka ne. Ana iya samun gida mai 'ya'ya biyar ba mai sikila ko ɗaya, a samu wani mai uku a jere. Don haka a auna babban yaron, kowane jariri da zai zo ma a auna shi.

Me ya sa bai nuna ba sai yanzu? Jariri yana zuwa duniya da wani himoglobin na cikin mahaifa da ke kare shi, wanda ke raguwa wajen wata shida. Kumburin hannu da ƙafa da ka gani yana cikin alamomin farko.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Ku kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, a buɗe masa kati, ku riƙa zuwa ranar da aka ba ku ko da yana wasa lafiya. Likita kan rubuta folik asid, da fenisilin na kullum har zuwa shekara biyar, da maganin kariya daga zazzaɓin sauro. A kammala masa allurar rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro. Ka tambayi likita game da haidiroksiyuriya, magani ne da ke rage yawan tashin ciwon, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Kada a saya masa maganin ƙarin jini a kemis ba da izinin likita ba, domin ƙarancin jininsa ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne.

Yanayin Sakkwato ma a lura da shi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yawaita ba shi nono da ruwa. Da hunturu a sa masa rigar sanyi da safa, a yi masa wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta ɗaga. Idan jikinsa ya yi zafi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashi ya yi masa wuya, ko wani ɓari na jikinsa ya saki, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti.

Idan ya girma, a kula da zuciyarsa kamar yadda ake kula da jininsa. Yaron da ke yawan fashin makaranta, abokai na tsokanarsa da rago, yakan shiga damuwa ya daina magana. A gaya wa malamansa na boko da na Islamiyya halin da yake ciki, a bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari, a yarda da shi in ya ce yana jin ciwo. Kada a riƙa faɗa a gabansa cewa ba zai yi tsawon rai ba, domin akwai masu sikila da yawa da suka yi karatu, suka yi aure, suka ga jikoki.

Sai kuma ka yi wa ƙannenka da ba su yi aure ba wannan alheri: su yi gwajin jinotayif, wato na sanin ko mutum AA ne, AS ko SS, tun kafin magana ta yi nisa, musamman inda ake auren zumunci. Wannan gwaji daban yake da na rukunin jini da ake cewa O ko B. Jihar Kano ma ta mayar da shi doka kafin ɗaurin aure a 2024. A gaida maiɗaki, a ƙarfafa mata gwiwa, Allah ya raya mana yaro.