Kafin Asabar Ta Zo

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini kuɗin da ka daɗe kana tarawa sun cika, kuma ranar Asabar za ka shiga kasuwa ka ɗauko monita saboda wasan nan naka. Ta so in hana ka. Na ce mata yaron da ya tara kuɗi da guminsa, bai ci bashin kowa ba, hakkinsa ne a zauna da shi a yi shawara. Na haura shekara talatin ina buɗe bayan talabijin, tun zamanin masu ƙatuwar ƙeya da sai mutum biyu sun kama kafin a sauke su daga mota. Wasanninku ban iya su ba, amma allo na san shi ciki da bai.

Ka fara da kwamfutar da ke ɗakinka tun kafin ka kalli kwalin kowace monita. Monita ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka miƙo mata shi take nunawa. Motsin da kake gani a allo hotuna ne tsayayyu ake sauyawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim ɗin silima ma hoto 24 ne kacal a sakan guda. Lambar nan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, 60Hz ko 144Hz ko 240Hz, tana nufin sau nawa allon ke sabunta hotonsa a cikin sakan. A 60, kowane hoto yana tsayawa kusan milisakan 17. A 144 bai kai 7 ba. Wannan tazarar ido yana ganinta, hannu ma yana jinta, ko linzami kawai ka ja a kan allo za ka gane. Daga 144 zuwa 240 kuwa abin da aka rage bai kai milisakan 3 ba, kuɗin kuma ya yi tsalle. Masu gasa da suke cin abinci da wasan suna da dalilin biya. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Katin hoton da ke cikin kwamfutarka GTX 1650 ne, na gani ranar da ka kawo ta muka share mata ƙura. Kati ne mai mutunci, a 2019 ya fito, amma yana da iyakarsa. A wasa mara nauyi irin Valorant zai ba ka hoto sama da ɗari a sakan ba tare da wahala ba. A manyan wasanni masu dazuzzuka da birane da ruwan sama, sai ka rage musu ado kafin ya riƙe sittin. To in ka ɗora masa monita mai 4K, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ka yi lissafin da kanka: allon 1080 yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, na 1440 yana da kusan miliyan uku da dubu ɗari bakwai, na 4K ya haura miliyan takwas. Kowane ɗigo sai katin ya zana shi, a kowane hoto, sau sittin ko fiye a sakan. 4K aikin 1080 ne ninki huɗu. Wasan zai dinga tsinkewa, ranka ya ɓaci, ka koma zargin monitar alhali ita ba ta yi laifin komai ba.

Saboda haka in ni ne kai, inci 24 zan nema, mai 1080, mai 144Hz ko 165Hz. Na san idonka yana kan babba. Amma 1080 in aka shimfiɗa shi a inci 27, ɗigon yana buɗewa, rubutu ya yi kaushi, kuma kai da za ka zauna kusa da shi za ka gani kullum. Inci 27 da 1440 suke tafiya, wannan kuwa sai ranar da ka canja kati.

Sai irin gilashin. Za ka ga an rubuta TN ko VA ko IPS. TN tsohon yayi ne, yana da sauri da araha, amma da ka ɗan karkata kai launi ya dushe. VA baƙinsa baƙi ne wuluk, kallon fim da dare a kansa akwai daɗi, sai dai wasu daga cikinsu suna jan jela idan abu mai duhu ya gifta da gudu. IPS launinsa tsayayye ne ta kowane gefe, na yanzu kuma sun yi sauri sosai. Shi na fi so maka, don ban manta cewa a kan wannan allon za ka yi aikin makaranta ba, kuma ƙannenka za su taru a bayanka suna leƙe. OLED ya fi su duka kyau, amma tsadarsa ta fi ƙarfin aljihunka a yanzu, ga shi hoton da ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo a jikinsa.

Kada "1ms" da ke jikin kwali, wai saurin sauya launin ɗigo, ta ruɗe ka, kusan kowa yana rubuta ta, kuma ba hanya ɗaya ake aunawa ba. Haka tambarin HDR a monita mai araha, yawanci suna ne kawai.

Abin da nake so ka nema da gaske shi ne FreeSync. Idan saurin kati da na allo suka saɓa, hoto yakan yage a tsakiya, sama ta riga ƙasa. Nvidia ta fito da maganin wannan a 2013 da sunan G-Sync, AMD ta biyo baya da FreeSync a 2015, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Tun farkon 2019 katunan Nvidia irin naka suna aiki da monitocin FreeSync da yawa, amma ta wayar DisplayPort. Ka duba bayan katinka ka tabbatar da ramin, ka kuma tabbatar wayar tana cikin kwali. Wannan fasahar ta fi amfanar mai matsakaicin kati irinka, domin kai ne hotonka zai dinga hawa yana sauka.

Akwai wani yaro da ya taɓa kawo mini monita mai 144Hz yana cewa an cuce shi, wata uku bai ga bambanci da tsohuwar ba. Na kunna, na shiga saitin allo na Windows, sai ga ta zaune a kan 60 tun ranar da ya saya. Da na sauya, ya ja linzami, ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallo. Ranar da ka haɗa taka, wannan saitin shi ne farkon abin da za ka taɓa.

In ta hannu za ka saya, babu aibi, da yawa suna da sauran rai mai tsawo. Amma gani ya kori ji. A kunna maka ita a gabanka, ka cika allon da fari, sannan baƙi, sannan ja, kore da shuɗi, kana duba ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi guda. A kan baƙin ka lura da gefuna, ko haske yana tsiyayowa. Ka gwada kowane rami da ke bayanta. Ka bar ta a kunne minti goma sha biyar, don wata cutar ba ta fitowa sai inji ya ɗauki zafi. Mai shago na kirki ba zai ƙi ba, ka kuma karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Ka ware wani abu daga kuɗin don sitabilaiza ko ƙaramin UPS. Yawancin allunan da suka mutu a hannuna, dawowar wuta da ƙarfi ce ta kashe su. Monita mai inci 24 ba ta cika wuce wat 30 ba, inbata ma yana ɗaukarta cikin sauƙi, wani dalili ke nan da ya sa ban so ka kinkimo ƙatuwa. Lokacin hunturu ka dinga rufe ta da ƙyalle, kada kuma ka fesa ruwa kai tsaye a gilashin.

Idonka, ɗana, shi ne ba a sayarwa a kasuwa. Nawa sun gaji da wuri saboda shekarun da na yi ina ƙura wa allo ido a shago mai duhu, ba na son haka gare ka. Ka ajiye monitar nisan hannu guda, bakinta na sama daidai da idonka, ka rage haskenta da dare, ka bar fitila a kunne a ɗakin. Duk bayan minti ashirin ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa na ɗan lokaci. In an kira salla ko mahaifiyarka ta kira ka, ka ajiye ka tashi. Da wannan sharaɗin na shawo kanta, kuma na ba ta tabbaci a madadinka.

Asabar da hantsi ka biyo ta gida mu tafi tare. Ka sa hotunan launukan nan biyar a filashi, ka rubuto sunan katinka a takarda, ni kuma zan taho da wayar DisplayPort tawa don mu gwada a can.