Sakatariyar da Ta Samo Maganin Kuskure

An haifi Bette Nesmith Graham a birnin Dallas, cikin ƙasar Amurka, a shekarar 1924. Da ta girma ta yi aure, ta haifi ɗa guda, sa'an nan auren ya mutu. Ya zamana ita kaɗai ke ɗauke da cin yaron da suturarsa, sai ta kama aikin sakatariya a wani banki.

Aikinta shi ne buga wasiƙu da tafireta. A zamanin nan aka fara kawo tafireta mai aiki da lantarki cikin ofisoshi. Tana da sauri ƙwarai, amma in an yi kuskure aka sa roba za a goge, sai tawadar ta dame, takardar ta ɓaci. Tilas a sake bugawa tun daga farko. Bette kuwa ba gwana ba ce wajen bugu, ga shi da aikin nan take ciyar da ɗanta.

Ran nan ta tsaya kallon masu fenti suna yi wa tagogin bankin ado. Ta lura in sun yi kuskure ba sa gogewa, sai su shafa wani fenti a kai, su ci gaba. Da ta koma gida sai ta dama farin fenti da ruwa, ta zuba cikin 'yar kwalba, ta tafi da shi ofis tare da ɗan buroshi. In ta yi kuskure sai ta shafa, ya bushe, ta buga daidai a kai.

Kwanci tashi, sauran sakatarori suka gane, kowace tana roƙon a sam mata. A 1956 ta fara sayarwa. A ɗakin girkinta take haɗawa, ɗanta Michael da abokansa suna ɗurawa cikin kwalabe. Daga baya ta sa masa suna Liquid Paper, wato takarda mai ruwa-ruwa.

Wata rana ta manta, ta buga sunan kamfaninta a wasiƙar da aka ba ta, aka sallame ta. Faɗuwa ta zo daidai da zama, gama sai ta mai da hankali ga sana'arta har ta gina masana'anta. A 1979 kamfanin Gillette ya sayi kamfaninta a kan dala miliyan 47.5. Ta rasu a 1980, bayan ta ware dukiya don taimakon mata.

Dubban sakatarori sun sha wahalar da Bette ta sha, mutane da yawa kuma sun ga masu fentin nan. Ita ce ta lura, ta gwada, ba ta kuwa gaji ba.

Tambayoyi

1. Me ke faruwa in an goge kuskuren tafireta da roba?
2. Wurin wa Bette ta koyi dabararta?
3. Don me aka sallame ta daga aiki?