Amsoshin Tambayoyinku: Rakiyar Ƙungiya Wasan Waje

Wani mai sauraronmu daga Dantchiao, a gundumar Magariya, yana tambaya ko ya dace matasa su haɗa kuɗin mota su raka ƙungiyar ƙwallon makarantarsu wasa a wani gari.

To Malam, ya dace, muddin an tsara tafiyar. 'Yan wasan da suka ji muryar mutanensu a filin baƙi sukan ƙara ƙaimi, shi ya sa magoya baya ke bin 'yan kokawar jiharsu gasar Takobin Ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975. Tafiyar ayari kuma ta fi ta ɗaiɗai sauƙin kuɗi da tsaro. Sai dai babban haɗarin yana kan hanya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ya fi ƙarfin direba guda. A ranar 31 ga Mayun 2025, motar tawagar wasannin Kano da ke dawowa daga jihar Ogun ta faɗo daga kan gada a Ciromawa, sama da mutum 20 suka rasu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta danganta lamarin da gajiya da gudu.

Wasu za su ce ai rediyo ya wadatar, a zauna gida. Rediyo yana kawo labari, amma ba ya kai wa ɗan wasa ƙwarin gwiwa. Maganin haɗarin hanya shi ne direba biyu, tafiyar rana, izinin iyaye, da babba ɗaya mai riƙe da sunayen kowa. In aka rasa waɗannan, a haƙura.