Yadda Ake Haɗa Gilashi da Gilashi Ba Tare da Wuta Ba

Duk wanda ya tashi a Gwashi, ko Anka, ko Gummi, ya san dalma da taushinta, ya kuma san sharrinta tun musibar 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ta halaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, Allah Ya jiƙansu. To, akwai wani ma'adini da ya fi dalma taushi, har farce yana iya karce shi, wanda Ferdinand Reich da Theodor Richter suka gano a Freiberg ta ƙasar Jamus a 1863. Sunansa indiyam, daga dutsen tutiya ake tace shi, kuma da shi masana suke haɗa gilasan na'urorin da ba a son iska ta ratsa su ko kaɗan, domin gilashi ba ya jure wutar walda.

Farkon aiki tsarki ne, kuma a nan yawanci ake cin nasara ko a yi hasara. Akan wanke fuskokin gilasan biyu da sabulu, a ɗauraye da tataccen ruwa, a goge da sifirit, daga nan kuwa ba mai sake taɓa su sai da safar hannu, saboda maiƙon yatsa guda, wanda ido ba ya gani, ya isa ya ɓata haɗin. Ita ma wayar indiyam, mai kaurin kamar milimita 1, akan tsoma ta a asid mai rauni don ya cinye dusashewar da iska ta shafa mata, a ɗauraye, a busar, a yi aiki da ita nan take.

Sai a kewaya bakin gilashin da wayar kamar zobe, a yanke kawunanta a karkace, a ɗora ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan a kifa gilashi na biyu a cikin firam mai notuna. Matsewar nan ita ce take bukatar haƙuri, domin ba a ɗaure noti guda har ƙarshe. A juya wannan kaɗan, a tsallaka ga wanda yake fuskantarsa, a yi ta zagayawa, har wayar ta baje ta zama siririn layi mai ƙyalli a ƙarƙashin gilashin, ta cike kowace kafa, ta kama shi ƙam. Wanda ya yi gaggawa, ƙarar tsagewar gilashi zai ji. Bayan an dakata, tun da ma'adinin yana ci gaba da malala sannu a hankali, akan ƙara matsewa, a jarraba da iskar hiliyam ko akwai yoyo.

Abin da ya fi ba ni al'ajabi cikin hikimar Mahalicci shi ne, ko a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifiri, inda roba take bushewa ta farfashe, indiyam yana nan da taushinsa. In an kwance haɗin, ba a mai da tsohuwar waya. Akan kankare ta, a tara, a sake narkar da ita, tun da digiri 157 ya ishe ta.