Yadda Ake Gane Zomon Gida Ba Shi da Lafiya Tun Kafin Ya Kwanta

Wata safiya cikin watan Afrilu, zafin bazara ya kai inda ya kai a Zariya, 'yata ta shigo ɗaki riƙe da ganyen dankali ta ce, "Baba, yau zomanya ta ƙi karɓa." Shekara biyu ke nan zomanyar tana tare da mu, tana shiga ɗaki tana fita tsakar gida kamar kyanwa, kuma ba a taɓa miƙa mata ganyen dankali ta kau da kai ba. Na fita na same ta a bayan randa, ta dunƙule, ta tattara ƙafafu a ƙarƙashin ciki, idanu a lumshe. Babu rauni a jikinta, ba ta ɗingishi. Wanda bai san zomo ba cewa zai yi hutawa take yi. Da mun bar ta ta kwana a haka, da wuya mu tashi mu same ta da rai.

Zomo dabba ce da kowa ke farauta a daji, daga shaho har dila, saboda haka halinsa ne ya ɓoye ciwo. Wanda ya nuna kasala shi ake fara kamawa. Zaman gida bai cire masa wannan halin ba. Akuya idan ba ta da lafiya za ta cika gida da kuka, shi kuwa zomo sai dai ya yi shiru ya shige lungu. Aikin mai kiwo ne ya iya karanta wannan shirun.

Ana farawa ne tun zomo yana garau. Ka san lokacin cin abincinsa, wanda galibi da asuba ne da kuma almuru, don tsakar rana lokacin kwanciyarsa ne. Ka san abin da ya fi so, da inda yake kwanciya, da yadda yake taryarka idan ka fito da harawa. Idan da hali a riƙa ɗora shi a sikeli sau ɗaya a mako ana rubutawa, domin gashi yana rufe rama, sai ka ga zomo ya zube ba ka ankara ba. Ruwansa ma a sa ido: zomo mai kilo 2 yakan sha tsakanin mililita 100 zuwa 300 a rana, gwargwadon zafin gari da ɗanyen ganyen da yake samu. Wanda bai san zomonsa yana lafiya ba, ba yadda za a yi ya gane ranar da ya canja.

Ranar da ka ga ya yi sanyi, abu na farko shi ne ka miƙa masa abin da bai taɓa ƙi ba. Idan ya karɓa ya ci da marmari, ka ci gaba da lura. Idan ya sansana ya juya baya, to ka duba agogo, ka tambayi mutanen gida yaushe aka ga ya ci abinci na ƙarshe. Wannan lissafin shi ne komai. Hanjin zomo ba ya son hutu. An halicce shi ne ciyawa tana shiga tana wucewa ba dare ba rana, kuma da zarar ta daina shiga sai hanjin ya lafa, abin da ke ciki ya bushe, iska ta taru ta kumbura ciki. Ciwon kumburin ya ƙara hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin. Ga shi zomo ba ya iya amai, balle ya sami sauƙi ta nan. Likitocin dabbobi suna ɗaukar zomon da ya yi awa 12 bai ci ba a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa, don idan aka ja lokaci hanta ma takan taɓu.

Daga nan sai ka durƙusa ka duba kashinsa. Mutane sukan raina wannan, alhali babu abin da ke faɗin gaskiyar cikin zomo kamarsa. Lafiyayyen zomo yana zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, zagayayyu, girmansu ɗaya, busassu, idan ka murje ɗaya da yatsa sai ta farfashe ka ga burbushin ciyawa. A ranar da zomanyarmu ta ƙi ci na share bayan randa na tattara abin da na samu a tafin hannu: ƙwayoyi ba su fi goma ba, ƙanana kamar barkonon masoro, baƙaƙe ƙirin, masu tauri kamar tsakuwa. A nan gabana ya faɗi. Ƙanƙancewar kashi tana nuna hanji ya fara lafawa, rashinsa gaba ɗaya kuwa yana nuna ya tsaya. Idan ka ga ƙwayoyin a jere gashi ya haɗa su kamar carbi, to yana haɗiye gashi da yawa wajen lasar jiki, musamman lokacin da yake zubar da gashi, sai a yawaita taje shi, a ƙara masa ciyawa da ruwa. Akwai kuma wani kashi mai laushi, mai sheƙi, a cure kamar nonon inabi, wanda zomo ke cinyewa da kansa tun yana fitowa, domin akwai sinadaran gina jiki a cikinsa. Ba gudawa ba ce, kuma kada a hana shi. Amma idan ka fara ganinsa barjat a ƙasa ko ya manne masa a gindi, alama ce abinci mai nauyi irin su dusa da masara ya yi yawa, ko ƙiba ko ciwon baya ya hana shi lanƙwasawa. Gudawa ta gaske, mai ruwa tsululu, musamman ga ɗan zomo, ba a kwana da ita.

Sai taɓa jiki. Don Allah kada a ɗaga zomo da kunnuwa, duk da haka muka taso muka ga ana yi a kasuwa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafi gindi, a rungume shi a jiki, domin idan ya yi shure-shure a iska yana iya karya ƙashin bayansa. Ka shafa cikin a hankali. Na lafiya da laushi yake. Idan ya yi tauri ya cika kamar ganga, wannan kumburi ne mai haɗari, ƙila wani abu ya toshe hanji, kuma ba a gida ake maganinsa ba. Ka ji kunnuwan. Zafin jikin zomo yana tsakanin digiri 38.5 zuwa 40, kunnuwan da suka yi sanyi ƙalau a jikin zomon da ya dunƙule suna nuna jikin ya fara saki. Ka kasa kunne kusa da bakinsa: idan yana cizon haƙora da ƙarfi kana jin ƙaras-ƙaras, ciwo ne ke cinsa. Wannan daban yake da ɗan motsin haƙora mai taushi da yake yi idan ana shafa masa kai yana jin daɗi.

Bakin ma a duba. Zomo yana da haƙora 28, kuma dukkansu girma suke yi har ya mutu, na gaban suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. Idan ciyawa ta yi ƙaranci sai turamen su yi tsini su riƙa yankar harshe da kumatu. Irin wannan zomon za ka ga ya zo wurin abinci da yunwarsa, ya ɗauka, ya saki. Yakan bar harawa ya zaɓi mai laushi, haɓarsa kullum a jiƙe da miyau, wani lokacin ido ɗaya yana zubar da hawaye. Na gaba kaɗai za ka iya gani idan ka ɗaga leɓe, turamen sai likita da abin haskawa. Kada a sa abin yanke farce ko almakashi a ce za a rage haƙori, tsagewa yake yi har cikin saiwa.

Ba kowane canjin hali ne ciwo ba. Zomon da ya kai wata 4 zuwa 6 ya balaga, namiji yakan fara fesa fitsari yana zagaya ƙafar mutum, macen kuma ta fara gurnani tana kai cizo idan an sa hannu a kejinta. Zomanyar da ke tsige gashin ƙirjinta tana kwasar ciyawa a baki sheƙa take haɗawa, cikin zomaye kwana 31 ne ko kusa da haka, wata ma takan yi hakan ba ta da cikin komai. Sauya wuri, baƙon kare ko kyanwa, ƙarar janareta, rabuwa da abokin zama, duk suna sa zomo ya ɓuya. Ma'aunin dai ɗaya ne: muddin yana ci yana kashi yadda ya saba, akwai sarari. Amma wanda ya karkata kai gefe guda, ko yake numfashi da baki a buɗe, ko aka ga jini a hancinsa, wannan sai asibiti. Akwai wata annoba mai sa zubar jini a cikin zomaye, an fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, ta kuma ɓulla a Najeriya a 2020, tana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa sabon zomo daga kasuwa a keɓe shi mako biyu kafin ya haɗu da na gida.

Kafin a kai ga likita akwai abin da za a iya yi. Idan zafi ne ya buge shi, ya miƙe yana haki, kunnuwa sun yi zafi jajir, a kai shi inuwa mai iska, a shafa wa kunnuwan ruwan randa, don ta kunne zomo ke fitar da zafi, ba ya gumi. Kada a tsoma shi a ruwa, kada a sa ƙanƙara. Da zafin wuri ya haura digiri 30 zomo yana cikin wahala, ga shi bazararmu tana kaiwa 40. Idan kuwa sanyi jikinsa ya yi, a naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye masa a gefe. A ba shi ruwa a kwano, a jiƙa ganye a ajiye a gabansa, a lallaɓa shi ya ɗan taka, motsi yana tayar da hanji. Kada a yi masa ɗure matuƙar cikin a kumbure yake.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kemis. Maƙwabci zai ce a fasa kafso a zuba masa a ruwa kamar yadda ake yi wa kaji. Magunguna irin su ampisilin, amoksisilin da linkomaisin idan aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa abinci a hanji, sai masu guba su mamaye wurin, gudawa ta ƙarasa shi. Zomaye da yawa maganin ne ya kashe su, cutar da ta kwantar da su ba ta kai ga haka ba.

Mu dai ranar nan kafin azahar mun kai zomanyar gaban likita. Ya shafa cikinta, ya leƙa bakin, sannan ya ce, "Malam, me take ci kwanan nan?" Na faɗa masa gaskiya: harawa ta yi tsada a ƙarshen rani, mun koma ba ta dusa, yara kuma suna ƙara mata da burodi. Ya ce, "To ga shi nan, ga kuma zafi, ruwan jikinta ya yi ƙasa." Ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, da ta rage ciwo, da maganin motsa hanji. Da yake ya tabbatar babu toshewa, sai ya nuna mini yadda zan jiƙa abincin zomaye na kanti ya yi kamar kunu, in zuba a sirinji marar allura, in sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, kaɗan-kaɗan, ina jira ta haɗiye, duk bayan 'yan awoyi. Tana zaune a kan ƙafafunta ake yi, ba a kwantar da ita rigingine, kada ya bi ta hanyar numfashi.

Daren nan ni da 'yata muka yi ta karɓa-karɓa. Da asuba ta tashe ni tana cewa, "Baba, zo ka gani!" Ƙwayoyi ne guda bakwai a kan tabarma, ƙanana, karkatattu. Ban taɓa murnar ganin kashin dabba kamar ranar ba. A kwana na uku zomanyar ta ja ganyen dankali daga hannun yarinyar da kanta.

Tun daga nan busasshiyar ciyawa da harawa ba sa yankewa a gabanta, su ne kashi 8 cikin 10 na abincinta. Ina sayen harawa tun da kaka in adana a rufin ɗaki. Ganye dunƙule guda safe da yamma, dusa ɗan kaɗan, karas sai jefi-jefi don zaƙinsa, burodi kuwa an daina. Kai mai zomo a gida, ka nemi lambar likitan dabbobi mafi kusa da kai ka ajiye tun yau, kuma gobe da safe kafin a share wurin kwanansa ka durƙusa ka duba abin da ya bari.